Mai Gona Daban, Mai Noma Daban

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kakana na wajen uba, wanda duk ƙauyenmu ke kira Malam Akawu, ya rasu wata Laraba bayan la'asar, a gindin darbejiyar mararraba, kansa a kan cinyata. Yau wata biyu ke nan da 'yan kwanaki.

Kwana ukun zaman makoki a ɗakin kakarmu na yi su, a lungun bayan ƙyaure. Mata suna shigowa da sallama, a ce ya haƙuri, a ce Allah ya sa ya huta, sai kuma a juyo kaina. Ya yi salati? Ya bar wasiyya? Ya sha wahala kafin rai ya fita? Ban san sau nawa na maimaita labarin ba, har sai da kakarmu ta ce a ƙyale yarinyar nan haka. Amma duk cikin masu tambayar ba wadda ta ce me ya kai mu mararraba a ranar, ni da tsoho mai shekara kusan tamanin. Da sun tambaya ma, ban san ko bakina zai buɗe ba.

Ta taga nake jiyo maza a ƙofar gida. Wani dattijo ya taho tun daga Makoda a bayan babur, ya ce sun yi aiki ofis ɗaya da Kaka tun zamanin tafireta, kuma in Akawu ya ɗaure fayil, ko makaho ka tura bayan shekara ashirin zai lalubo takardar da ake nema. Dagaci ya ce shi yau aka rufe masa ofis. Wani maƙwabcinmu kuwa ya rage murya ya ce, Allah ya jiƙan Malam, amma ya cika naci, mutum da shekarunsa me ya haɗa shi da sintirin sakatariya. Sai liman ya ja addu'a.

Mutum biyu ne maganarsu ta tsaya mini a rai. Ta farko Iya, matar marigayi ƙanen Kaka, wadda idanunta suka yi rauni shekaru da yawa. Ta zauna a jikin bango ba ta yi kuka ba, sai da za ta tafi ta ce, ba da kowa take ba, "To ni yanzu wa zai riƙa karanta mini?" Na biyun Baffa, babban ɗan Kaka, yayan mahaifina. Ranar sadakar uku wani ya taɓo masa zancen gonar Iya ta bakin rafi, na ji shi da kunnena yana cewa wannan magana ta mutu, takarda ta riga ta shiga ofis da sunansa, kuma da sa hannun Baba a ƙasa. Ya ce duk garin nan wa ya taɓa jin Baba ya sa hannu a kan ƙarya?

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya taɓa ji. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na son a manta da Kaka, kuma ba na son abin da za a tuna shi da shi ya zama takardar nan, domin ni na san yadda aka yi ta.

Kaka bai yi karatu mai zurfi ba. Daga firamare aka ɗauke shi masinja, ya koyi tafireta da yatsa biyu, ya zama akawu, a haka ya yi ritaya ya dawo gida. Amma aikin bai sake shi ba. Akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, kowanne ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya rubuta a goshinsa abin da ke ciki. Wannan na haihuwa da rasuwa. Wannan na rijiyoyi, wa ya haƙa, yaushe aka yashe. Wannan na ranar da ruwan shuka ya sauka kowace shekara. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Fensir a bayan kunne, rular katako a aljihun gaba, har masallaci da ita yake zuwa. Ni nakan ce masa, Tsoho, in an tashi alƙiyama kai da rula za ka tashi. Ya ce to da me kike so in ja wa mala'iku layi?

Ba ya fara rubutu sai ya ja layuka, ya raba shafi gurbi-gurbi, ya sa wa kowane gurbi suna a sama. Yana da maganganu da ya maimaita har muka haddace. Abin da ka ji, rubuta wanda ya faɗa maka. Abin da ka gani, rubuta ranar. In ba ka sani ba, bar wurin fari, kada ka cika shi da zato. Sai babbar ƙa'idarsa: ba ya sa hannu a kan takarda sai an karanta ta da ƙarfi a gaban waɗanda ta shafa. Ko wasiƙa ya rubuta wa mace zuwa ga ɗanta a kudu, sai ya karanta mata daga sallama har ƙarshe, ya ce haka kika ce ko na ƙara gishiri?

Faɗan da na fi tunawa tsakaninsa da kakarmu a kan takarda ne. Ta rasa abin ƙunshe daddawa, ta yagi shafi biyu daga wani littafi da ta ga ya tsufa. Ashe na rijiyoyi ne. Kaka ya bi gida huɗu yana tambayar wa ya sayi daddawa jiya, ya karɓo shafukan suna wari, ya shanya su a rana, ya kwafe. Kwana biyu bai ci miyarta ba, ya ce ba zai sha rijiyar unguwar gabas a tuwo ba. Ita kuma ta ce ai gara da ta yaga, ko ba komai takardunsa sun yi amfani sau ɗaya.

Akwai kuma wani malamin gona da ya zo ƙidayar amfanin da aka samu, ya tsaya a inuwa a bakin hanya yana cika fom ba tare da ya taka gona ko ɗaya ba. Kaka ya je ya tsaya a kansa, ya tambaye shi cikin ladabi ko daga nan yake hango damman da ke cikin rumbu. Mutumin ya fusata ya ce shi digiri gare shi. Kaka ya ce masha Allah, to digirin ne ya gaya maka gonar nan gero aka shuka? Dawa ce. Ya sa shi ya cire takalmi suka zaga tare har azahar, daga baya kuma ya kai shi gida ya sa aka dama masa fura.

Haka yake. Zai ƙure ka, sannan ya ciyar da kai. Iya kuwa, tun da mijinta ya rasu idonta ya tafi, duk Juma'a bayan masallaci sai ya biya ta gidanta. Ya karanta mata katin asibiti, ya ware mata ƙwayoyin safe da na yamma a ƙulli daban-daban, na safe ƙulli ɗaya, na yamma ƙulli biyu, don ta gane da hannu. In 'yarta da ke aure a nesa ta aiko saƙo, shi ke karantawa, shi ke mayar da amsa.

Wanda bai san wajenmu ba ba zai gane nauyin maganar gona ba. A nan babu daji, babu saurar da aka bari ta huta. Daga bayan katangar wannan ƙauye har zuwa na gaba gona ce ke jingine da gona, abin da ya raba su layin gamba ne ko shingen lalle ko wani gawo da kowa ya san na wane ne. Taku biyu in suka shiga na wani, sai an je gaban dagaci. Kuma ba kullum wanda ka tarar da fartanya a gona ne mai ita ba. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina. Mace ta gaji gona ba ta da mai yi mata noma, sai ta ba wani ɗan'uwa aro, in an yi girbi ya kawo mata abin da ya sawwaƙa. Haka gonar Iya take. Gadonta ce daga mahaifinta. Ta ba Baffa aro tun kafin a haife ni, yana kai mata dami biyu na gero da ɗan wake duk shekara.

Da rani aka aiko wa dagaci daga ofishin da ke kula da filaye cewa za a ba kowane mai gona takardar shaida, a haɗa bayanin gonakin ƙauye a kawo. Dagaci bai yi shawara da kowa ba ya aika wa Kaka. Kaka kuma ya ce ni zan riƙa bin sa, tunda na gama sakandare na yi wata uku ina koyon kwamfuta a Minjibir, shi kuma idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Tun daga ranar ya laƙaba mini Hajiya Kwamfuta. In na yi jinkirin fitowa ya ce ko ba a kawo wuta ba ne?

Sati shida muka yi muna zaga gonaki. Ba ya yarda a faɗa masa daga zaure. Sai ya tsaya a cikin gonar, an kira maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa, kowa ya ce e nan ne. Sannan ya rubuta wanda ya tarar yana noma, ya tambaye shi, taka ce ko ta wani? In tasa ce, sai ya ja ɗan gajeren layi a gurbin mai gona, ma'ana shi ne dai. In ta wani ce, ya rubuta sunan mai ita, da yadda aka bayar, a nemo shi, su biyun su dangwala yatsa ko su sa hannu. Na gaji, ƙafata ta yi kanta, na ce Tsoho wannan duk na mene ne, ai kowa ya san gonar kowa. Ya ce, "Kowa ya sani yau. Takarda kuwa don ranar da masu sanin suka mutu ake yin ta. Mai gona daban, mai noma daban."

Ranar da za a rufe karɓa muka shiga gari da sassafe. Na bar shi a benci a ƙofar wani shagon kwamfuta, na shiga na buga komai yadda yake a littafi, gurbi takwas. Da mai shagon ya leƙo sai ya yi dariya, ya ce ofis ba sa karɓar wannan, ga fom ɗinsu, gurbi huɗu ne: lamba, suna, wuri, girma. Suna ɗaya ake so. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, mutane na jira a bayana, wani yana cewa a sallami yarinyar nan mana. Na dubi gurbin sunaye biyu. Na mai noma cike yake daga sama har ƙasa. Na mai gona kuwa kusan duk 'yan gajerun layuka ne, kamar babu komai a ciki. Na goge shi. Dannawa ɗaya. Ban ma tsaya na yi tunanin me layukan suke nufi ba, ni da na yi sati shida ina kallon ana jan su.

Da na fito ya ce in zauna in karanta masa. Shafi tara ne, ana gab da tashi daga ofis. Na ce Tsoho na duba sau biyu, duk daidai ne, in muka tsaya karatu za a rufe. Ban duba ba ko sau ɗaya. Ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa, ya mayar da ita nesa, ya dube ni. Sannan ya ciro biro ya sa hannu. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya karya ƙa'idarsa, kuma don ya yarda da ni ne.

Bayan sati biyu aka liƙa sunayen a bangon ƙofar dagaci. Gona bakwai abin ya shafa. Kafin azahar mutum shida sun zo gidanmu da kansu, kowa yana cewa Malam a cire sunana, ni aro nake, ba zan ci ƙasar wani ba. Na bakwai bai zo ba.

Na ɗauka Kaka zai yi mini faɗa. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa na kawo littafin da kwafin takardar, na karanta masa layi-layi, yana bi da rula. Da muka gama ya rufe littafin ya ce laifinsa ne, shi ya sa hannu a kan abin da bai ji ba. Daga ranar bai sake ce mini Hajiya Kwamfuta ba. Sunana na yanka yake kira, kamar baƙuwa.

Ya kira Baffa ɗaki, su biyu. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin muryar Baffa tana tashi. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana zuba taki a gonar nan, mangala nawa jakinsa ya kai, lokacin da ya karɓe ta ko ƙaiƙayi ba ta fitarwa. Ya ce 'ya'yansa tara, gonar gadonsu in an raba ba ta isa kowa ya shimfiɗa tabarma ba. Ya ce shi bai roƙa ba, bai yi cuwa-cuwa ba, Allah ne ya kawo sunansa. Kaka ya ce ba Allah ba ne, jikata ce da kwamfuta. Baffa ya fito ya wuce ni ko kallo.

Sau uku muka je ofis. Kaka yana rubuta kowace tafiya a shafin ƙarshe na littafin: rana, wanda muka gani, abin da ya ce. Ta farko aka ce oga ya tafi taro cikin birni. Ta biyu oga yana nan, amma mai riƙe da makullin kabad ɗin fayil ya tafi ɗaurin aure. Muka zauna a benci daga hantsi har la'asar, Kaka yana kallon takardu a zube a ƙasa a kusurwa, akuya ta shigo tana taunar gefen wani fayil, ba wanda ya kore ta. Ya tashi da kansa ya kore ta, ya tattara takardun ya jera su. Wani matashin ma'aikaci ya ce Baba bar su, ba aikinka ba ne. Ya ce na sani, ɗana, da aikina ne da ba su kai ƙasa ba.

Ta uku ita ce Larabar. Aka ce ba a gyara suna da baki, sai an kawo wasiƙar dagaci mai hatimi, da sa hannun wanda za a cire da wanda za a saka, duka bakwai ɗin a takarda ɗaya. Kuma a hanzarta, domin da an tura fayil birni aka buga takardun shaida, shi ke nan, sai dai kotu. Kaka ya tambaya me ya sa ba a faɗa mana haka tun zuwan farko ba. Aka ce ai ba ku tambaya ba.

A hanyar komawa mota ta sauke mu a mararraba, muka zauna a gindin darbejiya muna jiran babur. Kaka yana haki kaɗan-kaɗan. Ya ce ya so ya rufa wa ɗansa asiri, amma tunda abin ya zo haka, ranar Juma'a zai karanta littafin a ƙofar dagaci, kowa ya ji. Ya ciro shi ya rubuta tafiyar ranar, ya miƙo mini in riƙe. Sai ya ce, "Hajiya Kwamfuta, samo mini ruwa." Na ji daɗi har na yi dariya, na ce Tsoho yau an kawo wuta ke nan. Na tsallaka wajen mai shayi na karɓo ruwa a kofi. Kafin in dawo ya zame daga jikin bishiyar. Na ɗora kansa a cinyata ina kiran sa, ruwan ya zube a kan rigarsa. Leɓensa yana motsi, na san salati yake. Mutane suka taru. Wani ya ce yarinya sake shi, ya cika. Ban sake shi ba sai da aka ɓamɓare hannuna.

Har yau ba na iya bi ta mararrabar nan ido buɗe. In mai babur ya kusa wurin sai in runtse, in ƙanƙame jakata.

Juma'ar da ya ce ta zo ta wuce muna zaman makoki. Mahaifina ya zo daga kudu inda yake aiki, na gaya masa komai. Ya ce shi ƙane ne, ba zai tsaya gaban jama'a ya ƙaryata yayansa kabarin ubansu bai bushe ba, in bar wa Allah. Bayan sadakar bakwai ya koma. Littafin yana ƙarƙashin katifata. Juma'a huɗu ina cewa yau zan kai, in na sa hijabi na kai zaure sai in juya in dawo. Ina tsoron Baffa. A gidansa na yi rabin ƙuruciyata, ko ruwa zan miƙa masa sai na durƙusa. Ina tsoron a ce yarinya ta tona wa gidansu asiri. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in buɗe baki in ce ni ce, ƙaryata ce ta sa tsoho ya yi ta hawa mota har ya faɗi a hanya.

Abin da ya tashe ni, na je gaishe da Iya na tarar ta haɗa ƙwayoyinta wuri ɗaya a murfin kwano, ba ta san na safe ba, ba ta san na yamma ba. Na zauna na ƙulla mata yadda Kaka yake yi. Tana shafa ƙullin ta ce ta ji an ce gonar ta zama ta Baffa a takarda, ko gaskiya ne? Ta ce ita ba ta da bakin faɗa, amma abin da za ta bar wa 'yarta ke nan a duniya. Na ce mata Juma'a ta shirya, zan zo in ja ta.

Dagaci ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a cikin zaure, ni da Iya, maza suna daga bakin ƙofa. Mutum shidan nan sun zo. Baffa ya zo a ƙarshe. Aka ce in yi magana. Na faɗi yadda aka yi a shagon kwamfuta, na faɗi cewa Kaka ya ce in karanta masa na ce na duba alhali ban duba ba. Wani ya yi salati. Sannan na buɗe littafin na fara karantawa yadda yake yi, wuri, iyaka, mai noma, mai gona. Da na zo kan gonar bakin rafi Baffa ya katse ni.

"Ke, ni za ki karanta wa takarda? Ni na yanka ragon sunanki."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Saura layi ɗaya."

Na karanta. Mai noma, Baffa. Mai gona, Iya, gado daga mahaifinta. Yadda aka bayar, aro. Ga dangwalen Iya, ga sa hannun Baffa a gefensa, da ranar da ya sa. Dagaci ya karɓi littafin ya juya shi ya nuna masa, ya tambaye shi ko hannunsa ne. Baffa ya daɗe yana kallo. Ya sake kawo zancen taki da 'ya'ya tara, kuma wallahi ba wanda ya ce ƙarya yake, kowa a wurin ya san ƙuncin ƙasa. Sai Iya ta ce ita ba ta ce ya fita ba. Ya ci gaba da nomansa har ranar da Allah ya ɗauke ta, dami biyun ma in sun yi masa yawa ya kawo ɗaya. Sunanta kawai take so ya zauna inda Malam ya ajiye shi.

Baffa ya sa hannu a wasiƙar, ya tashi ya fita ba sallama. Daga ranar in na gaishe shi ba ya amsawa, matarsa ta hana 'ya'yanta shiga ɗakinmu. Wasu a gari suna cewa na yi daidai, wasu suna cewa boko ta sa na raina manya. Kakarmu kuwa ta jawo adakar daga ƙarƙashin gado ta tura ta ɗakina.

Ranar Litinin na je ofis ni kaɗai. Oga yana nan, mai makulli yana nan, fayil ɗin ma ko motsa shi ba a yi ba, balle a tura birni. Ma'aikacin ya duba hatimi, ya ɗauki jan biro, ya soke suna bakwai ya rubuta bakwai a samansu. Ko minti biyar bai yi ba. Ina tsaye ina kallon hannunsa. Wannan ne abin da tsoho ya zo nema sau uku. Na so in yi ihu, na so in tambaye shi ko ya san mutumin da ya kore musu akuya ya mutu a hanyar komawa gida. Ban iya ba. Abin da na iya kawai, da ya miƙo mini biro ya ce in sa hannu a madadin wanda ya kawo rahoto, na ce sai na karanta tukuna. Ya ce ai ga shi kina gani. Na ce da ƙarfi. Na karanta bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, mutanen ofis suna kallona, wani yana dariya ƙasa-ƙasa. Sannan na sa hannu.

A mota na buɗe shafin ƙarshe na littafin. Layi uku da rubutunsa, na ukun ya ɗan karkace. Ya riga ya ja layi na huɗu da rula, ya bar shi fari. Na rubuta rana, na rubuta wanda na gani, na rubuta: an gyara. Da na sauka ban shiga gida ba, na wuce wajen Iya na karanta mata, ta sa na maimaita sunanta sau biyu.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Ni kuma da na ce masa na duba, Allah ya sa ya yafe mini kafin ya aike ni ɗebo ruwan nan.